Allurar Baba Ta Zauna a Khayamiyya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Faisal, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu mata biyu, sai Baba. Na ce masa Alƙahira ba Zariya ba ce, mutanen nan ba sa buɗe shago sai rana ta take. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mai sana'ar da rana ta riga shi tashi ba. Wa zai ja da Baba? Muka fito.

Neman maganin ido ne ya kawo Baba Masar. Shekara arba'in da ɗoriya yana aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, duk da hannu. Ran Litinin likita ya faɗa mini da Larabci cewa hawan jinin ido ya riga ya cinye jijiyar, babu aikin da za a yi, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake. Na fassara wa Baba rabi, na haɗiye rabi. Bai tambayi sauran ba. Cewa kawai ya yi in kai shi Khayamiyya, layin masu ɗinkin rumfuna da hannu da na taɓa ba shi labari, ya gani da idonsa kafin ya koma gida.

Ƙaramar bas ta kai mu tashar metro, tikiti gine ɗaya na kuɗin Masar. Jirgin ya wuce tashar Tahrir bai tsaya ba, a rufe take tun rikicin bara, sai sojoji muka hango cikin duhu. Muka sauka Ataba, muka ƙarasa da tasi. Ƙarfe bakwai muna bakin layin, ko'ina kwaɗo! Mai ɗakina ta dube ni, na kau da kai. Muka zauna wajen mai ful, Baba ya ɗanɗana ya ce wannan ai wake ne da aka hana shi shinkafa. Yaran suka yi ta bin kyanwoyi.

Sai wajen sha ɗaya aka fara buɗewa, shi ma ba duka ba. Tun juyin juya hali baƙi suka ɗauke ƙafa, wasu shagunan sun koma sayar da yadin da inji ya buga. Layin rufin katako gare shi, ga duhu-duhu. Baba ya tsaya gaban wani ƙyalle mai girman bango, ya kai fuskarsa dab da shi, ya ce, "Wane launi ne wannan?" Wallahi a nan zuciyata ta karye. Na kawo shi, amma na makara.

Can ciki muka tarar da wani tsoho ya tanƙwashe ƙafa yana ɗinki. Baba ya karɓi aikin, ya juya bayansa, ya bi shi da yatsa a hankali. Tsohon ya ajiye shayinsa ya ce mini, "Babanka usta ne, gwanin sana'a. Mai saye fuska yake kallo, maɗinki ne ke juya baya."

Baba ya ce, "Gaya masa hannunsa da tsabta, amma daga nan zuwa nan wani ne ya karɓe shi."

Tsohon ya yi dariya. Ya ce wannan wajen ɗansa ne ya ɗinka shi, kafin ya ce khalas, ya bar sana'ar, ya tafi tuƙin tuktuk, a-daidaita-sahunsu. Sannan ya tambaye ni ko ni na gaji sana'ar. Na yi kamar ban ji ba.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Wai ko na iya."

"To faɗa masa gaskiya mana."

Ni kaɗai ne ɗansa namiji. Na faɗa masa ban iya ba.

Baba ya cire hula ya zaro allurar da kullum take soke a ninkinta, wadda ko mahaifiyarmu ba ta taɓawa. Sau uku yana neman kafar da zare, bai samu ba. Tsohon ya zura masa. Baba ya yi ɗinki kamar tsawon ɗan yatsa da lalube, tsohon yana ta "Masha Allah, ya Hajj." Da ya gama sai ya soke allurar a matashin zaman tsohon, ya ce, "Ka ce masa ya riƙe, allura ba ta son zaman banza." Ina tsaye a gefensa, da bakina na fassara.

Da la'asar muka kamo hanya. Cunkoson Faisal ya riƙe mu, yaran suka yi barci a jikin uwarsu, Baba yana ta sa wa tafiyar albarka. Na fita ne da nufin nuna wa iyali tsohuwar sana'ar Misirawa da ke neman ƙarewa, ashe tamu ce ta riga ta, kuma a hannuna ta ƙare.

Bayan magariba na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ko za ka nuna mini aska biyu kafin ka tafi?"

Ya shafa ninkin hularsa. Can ya ce, "Da wace allurar?"