Kakin Ƙanena

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, Turawan kamfani suka share wani fili tsakanin Talata Mafara da Maradun, suka zuba marmara don ƙaramin jirginsu ya riƙa sauka. Aka nemi mai kula da filin, muka je ni da ƙanena. Ni magini ne, shi kuwa ko tubali bai taɓa ɗorawa ba, amma shi aka ɗauka, wai don ya iya gaisuwa da Turanci.

Aka ba shi kaki da usur da keke. Aikin duka bai wuce korar shanu da cike ramuka ba, amma ranar kasuwa in ya shigo yana kaɗa ƙararrawa, har dattawa cewa suke mai jirgi ya iso. Ni da na goya shi, sai na koma "yayan mai jirgi". Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni, ko tuwo ba ya mini daɗi.

Da damina ruwa ya zaizaye tsakiyar filin. Ina kan hanyar Maradun wajen wani gini na iske ƙanena ya kwaɓa laka da ciyawa, ya cike ramin, yana shafe shi kamar yaɓen ɗaki. Kallo ɗaya na san sama ce za ta bushe, ciki ya zauna ɗanye. Wurin marmara yake so da daɓewa.

"Yaya, ya yi kyawo?" in ji shi, yana share gumi.

Na ce, "Ya yi." Na wuce abina.

Bayan kwana uku jirgi ya sauka. Taya ɗaya ta nutse a yaɓen nan, jirgin ya juya ya kafa hanci a ƙasa, farfela ta karye. Matuƙin ya samu karaya a hannu, Allah ya tsare rai. Kafin la'asar an sallami ƙanena.

Da mako ya zagayo kamfani ya aiko wai magini suke so. Ƙanena da kansa ya kawo mini kakin, a wanke, a ninke, da usur a kai.

Ya ce, "Yaya, tun hwarko kai ya kamata su ɗauka, kai ka san ƙasa. Ranar nan ma da ka duba da kyau, na san da ka hwaɗa min."

Shekara huɗu ina sa kakin nan, ban taɓa gaya masa na duba da kyau ba.