Rijiyar Baba a Hanyar Pélébina

Babana direban kamyo ne, wato babbar motar kaya. Shekara da shekaru yana ɗaukar kaya daga Parakou zuwa Djougou, har ciwon ƙoda ya zaunar da shi. 'Yan'uwa suka haɗa ƙarfi aka kai shi Indiya magani. Da ya dawo gidanmu na unguwar Guéma a Parakou, mun zaci labarin likitoci za mu sha. Ashe labarin wani sarki ya kawo mana.

Ya ce wata rana mai tasi ya tsaya da su a gefen babban titi, ya nuna musu kangon wani masauki da tsohuwar rijiya. Wani sarkin da can ne ya gina su. Ya shimfiɗa hanya, ya shuka itatuwa gefe da gefe, ya sa a dafa wa matafiyi abinci, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kowa irin nasa. Ya kuma hana a riƙa tare fatake a kowane ƙauye ana karɓar haraji.

"Mai tasin nan ba Musulmi ba ne," in ji Baba, "amma da bakinsa ya sa wa sarkin albarka."

Inna ta ce, "To Alhaji, don rijiya kawai?"

"Ke mota ba ta taɓa lalace miki a daji da rana tsaka ba. Wanda ya ba ka ruwa a ranar, har ka mutu ba ka manta shi."

Baba yana da wani ɗan fili a bakin hanya kusa da Pélébina, inda yake sayen doya. Da ya ji sauƙi sai ya dage sai ya haƙa rijiya a can. Inna ta yi ta faɗa, ta ce mutumin da bai gama warkewa ba me ya kai shi. Bai saurare ta ba. Haƙar farko aka ci karo da dutse, aka bari. Ta biyu ta ba da ruwa. Ya shuka mangwaro, ya sa aka yi kwami na siminti don shanu.

Lokacin hutun lakwal, wato makaranta, nakan bi shi. Ina tuna shi zaune a kan tabarma, Fulani na shayar da dabbobi, matan ƙabilar Yom na sauke tulu, direbobi na alwala. Yana gaisawa da kowa, da Hausa, da Dendi, da gurguwar Fulatancinsa da ke ba makiyaya dariya. A can na fara cin wagashi, cukun nonon shanu, mai ɗumi, wata tsohuwa ta miƙo mini a ganye.

Ya rasu kafin mangwaron ya fara 'ya'ya. Ranar jana'iza mutanen da ba mu sani ba suka cika ƙofar gida, wasu a kan babur tun daga Djougou. Inna, wadda ba ta taɓa taka wurin rijiyar ba, da ta fita takaba ta ce wa yayana ya kai ta. Ta ja guga da hannunta, ta sha.