Maikano da Jirgin Stockholm

Maikano direban ofishin jakadancinmu ne a Alƙahira, aikinsa kai baƙi kallon dalar Giza. A 1979 ya raka maigidansa Stockholm, babban birnin Suwidin, ya dawo yana huci.

"Abin alfaharinsu fa jirgin ruwa ne da ya nutse ranar da aka fara tuƙa shi! Sun tsamo shi, sun gina masa ɗaki, jama'a na bin layi su gani. Da mu ne, ko zancen ba ma yi."

Bai daina mitar nan ba sai ranar da tsohuwar motarsa ta mutu a hanyar Giza, maƙare da baƙi. Ya fito, ya buɗe musu ƙofa.

"Yalla, maza ku sauko ku kalla. Wannan ai shekara goma ta yi tana tafiya."