Hoton Ɗakin Baba

Na-Lungu ake ce masa, don shekara goma sha tara aikinsa ke nan: ya shiga ɗakin da dillalai ke nema wa ɗan haya, ya kunna duk fitilu, ya fitar da bokiti da takalma, ya maƙale a lungu bayansa manne da bango, ya danna kyamara. Gilashin da yake ɗaura mata irin mai faɗin gani ne, yana haɗiye bango uku a lokaci guda. Ɗakin da in ka yi miƙa sai ka bugi bango, in ya fito a hotonsa sai ka rantse za a iya buga ƙwallo a ciki. Matarsa kan ce masa maƙaryaci mai lasisi. Shi kuwa sai ya ce bai taɓa ƙara bulo ko ɗaya ba.

Mutum ne mai ji da idonsa, ga taurin kai irin na mahaifinsa. Shi mahaifin nasa watansa biyu ke nan a asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa har harshe, kuma likita ya riga ya ja Na-Lungu gefe ya faɗa masa abin da ba a faɗa gaban majinyaci. Tsohon ma ya gane. Kullum aka je dubiya kalma ɗaya yake iya haɗawa: gida.

Asibiti suka yarda su sallame shi, amma da sharaɗi. Sai an kai masa gado irin nasu mai taya, kuma dole a samu wuri a kowane gefe inda mutum biyu za su tsaya su riƙa juya shi, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta ce a turo mata hoton ɗakin ta gani.

Hoton ɗaki? Ai an zo wurin. Na-Lungu ya kwashe tarkacen Baba, ya kunna fitila, ya shige lungu. Matarsa ta miƙo masa tef ɗin awo ta ce don Allah ya auna tukuna, ya ce idonsa ya fi tef. Wallahi ba da niyyar yaudara ya yi ba, hannu ne ya saba. Sista ta amsa cewa ɗaki ya yi, ranar Talata za a kawo shi.

Talata da hantsi motar gado ta iso, ta asibiti na biye. Aka haɗa gadon a ciki. Kan gadon ya tokari bango, gefe ɗaya ya manne, ɗaya gefen kuwa sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Tun kafin kowa ya yi magana Na-Lungu ya gane ba zai yiwu ba.

Sista ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi wayarta, ta dubi ɗakin, ta sake duban wayar.

"Malam, wannan ɗakin ne ka turo mini?"

Ya ce shi ne. Ya shiga kame-kame: a juya gadon, a cire ƙyaure, a gwada ɗakinsu. Duk aka gwada, gumi na tsiyaya. Ɗakinsu ya fi ƙanƙanta, falon kuwa siriri ne kamar hanya. Ita ba muguwa ba ce, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce in ta bar shi nan, mako guda bayansa zai buɗe, ba za ta sa hannu ba.

Duk wannan abin Baba na kwance a kan gadon ɗaukar marasa lafiya a bakin ɗakinsa, yana kallon ƙusar da yake rataye rigarsa. Da aka zo juyawa da shi sai gadon ya ƙi motsi. Ashe hannunsa mai lafiya ne ya damƙi katakon ƙofar. Masu turawa suka ja baya, babu wanda ya yarda ya taɓa shi.

Na-Lungu ya durƙusa. "Baba, kwana huɗu kawai. Zan rushe bangon nan a haɗe da sito. Asabar kana ɗakinka."

Tsohon bai saki ba. Na-Lungu da kansa ya ɓamɓare yatsun, ɗaya bayan ɗaya, yana jin ƙarfin da ya rage a cikinsu. Bai taɓa jin kunya da tsanar kansa irin ta ranar ba.

Kafin la'asar magini ya fara dukan bango. Na-Lungu ya bar aiki, shi ke kwasar ƙasa, shi ke miƙa siminti, yana yi wa magini ciwon baki a kan ya hanzarta.

Juma'a da safe, ana cikin shafen bango, aka kira Na-Lungu daga asibiti, Baba ya cika. Ya ji, ya ce to, ya zauna a kan buhun siminti. Magini bai san abin da ake ciki ba, ya goge hannu ya ce masa ya taso ya gani, yanzu kam gado biyu ma sai su shiga.