Kabar Giwar Gwaggo Tasalla

Har yau in na ji warin ɗanyen ganye mai ɗaci-ɗaci, sai in hango Gwaggo Tasalla tsugune a bayan rumbu da guntuwar wuƙarta, tana fere kabar giwa, wadda 'yan birni ke kira alobera. Ku 'yan gidanmu na wajen Zakirai kun san halinta. Tulu bai isa ya fashe ya tafi bola ba, sai ta dasa wata a ciki.

Ina aji uku makero ya cinye mini rabin kai. Ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ta aske ni tas, ta lafta mini yauƙin ganyen.

"Gwaggo, wari!"

"Warin ya fi sanƙo, 'yar nan. Wa kika ga yana yi wa ƙwarya kitso?"

Gashi ya dawo. Aka ce ai dama lokacinsa ne ya yi.

Ƙaninta Kawu Sale ya fi kowa tsiya. "Likitar bayan rumbu! Gawa ma shafa mata za ki yi?"

"Taka dai ba zan ɓata ganyena ba."

Kuma ƙarya ake mata da ake cewa komai ganye. Ranar da maƙwabcinmu Malam Idi ya sare ƙafa da gatari ya ɗingiso wurinta, kallo ɗaya ta yi masa. "Kai Idi, ganyena ba tela ba ne! Maza asibiti a ɗinke ka."

Da na je jami'a, muka ɗiga yauƙin nan a faranti mai ƙwayoyin cuta. Washegari sun yaɗu ko'ina, sai kewayen ɗigon ya tsaya fes kamar wata a tsakiyar hadari. Na zo da rawar jiki na ba ta labari.

"Au, sai da kika je birni kafin ki ga abin da kanki ya sani tun yana aji uku?"

Yanzu da ta rasu, wai Kawu Sale zai tumɓuke shukar nan duka ya kafa injin markaɗe, kuna ji kun yi shiru. Haba jama'a! Duk faɗin gidan nan sai bayan rumbunta?

To ku ji abin da matarsa ta faɗa mini bana. Duk damina tsakanin yatsun ƙafarsa ruɓewa yake yi saboda taɓon gona. Shekara da shekaru Gwaggo tana aika masa ganyen a rufaffen kwano kamar tuwo, don kada a yi masa dariya. Ni ban kai ta haƙuri ba, shi ya sa na faɗa. Kawu, damina saura wata biyu, ka tumɓuke mu gani.

Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta, Ya rufa mata asiri yadda ta rufe kwanon nan.