Kwanon Gilashin da Aka Kawo wa Luba Dillaliya

A Tudun Wadar Gusau, in mace ta gaji tsofaffin kayan jere ta rasa sanin darajarsu, gidan Luba ake nuna mata. Dillaliya ce tun tana da goyon fari, yanzu kuwa har ta aurar da auta. Ba ta fara duba fuskar kwano. Kifa shi take yi, ta bi gindinsa da ɗan yatsa, sannan ta ce wannan na jiya ne, wannan kuwa ya girmi kakar mai shi.

Wurin mahaifinta ta samo wannan ido. Malam Labbo ya yi wa wani Baturen auduga kuku, da Baturen zai koma gida ya bar masa kwanonin gilashi biyu iri ɗaya, masu nauyi, masu zanen ganye. Shi ya nuna wa Luba wata 'yar alama a cikinsu, mai kusurwa huɗu, tsaye kan tsininta, da ƙananan haruffa a kowace kusurwa. Ya ce Baturen ya gaya masa haruffan nan ranar da aka yi wa zanen rajista a Ingila suke nunawa, tun Turawa ba su shigo ƙasar Hausa ba. Ɗaya kwanon ya bi Luba ɗakin miji. Ɗayan ya bi ƙanwarta Uwa, wadda aka kai wani ƙauye bayan 'Yankuzo.

A shekarar da aka katse layukan waya a Zamfara, labari ya iso Gusau cewa 'yan bindiga sun tashi ƙauyen su Uwa. Babu wayar da za a kira. Luba ta yi sati uku tana zarya tasha, tana tare duk motar da ta fito daga Tsafe. Wani ya ce an ga mata sun yi daji. Wani ya ce kada ta sa rai.

Ran wata Talata da hantsi aka yi sallama a zaure. Ta leƙo ta ga wani dogon mutum da ba ta sani ba, ido jajur, riƙe da ƙunshin tsumma.

"Ke ce Luba dillaliya?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Kaya na kawo ki duba."

Ya tsuguna ya kwance tsumman. Sai ga kwanon gilashi mai zanen ganye. Ta ɗauka, ta zura yatsa ciki, ta ji alamar nan ƙarƙashin fatarta. Ta ce wa ranta iri ɗaya ai ba shi kaɗai aka yi ba. Sai ta juya shi. Ga ɗigon jan fenti biyu a gindi, shaidar da Uwa ke yi wa kwanoninta don kada su ɓace a gidan biki. Ga kuma ɗan ɓalli a baki.

Kowa a garin ya san masu tashin ƙauyuka suna da mutanen da ke sayar musu da kaya. Kowa kuma ya san abin da ke samun wanda ya nuna ya gane. Mijinta ya fita tun safe, gidan daga ita sai jikoki. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Tsoho ne," in ji ta. "Ina ka samo shi, Malam?"

"Ke dai faɗi abin da kika gani."

Yana magana yana waigen ƙofa. Ta lura shi ma zufa yake yi. Ta auna ihu, ta auna shiru, ta ga babu wanda zai gaya mata inda ƙanwarta take. Sai ta dube shi tsakiyar ido.

"Wanga kwano na ɗiyar Malam Labbo ne. In kashe ta kuka yi, gaya mini inda kuka yar da ita."

Mutumin ya sauke numfashi, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Inna, ni direba ne, sunana Mannir. Tana Bilbis, da ranta. Ita ta ce kada in ambaci sunanta sai kin gane shi da kanki. Waɗanda suka kai wa 'yan bindiga sunan mijinta Haliru suna nan suna yawo cikin mutane."

Luba ba ta yarda nan take ba. An sha jan mutane zuwa hanya da irin wannan daɗin baki.

"Kwano ana ƙwace shi. Mi ta ce ka gaya mini?"

"Ta ce ke kika ɓalle bakin nan, ita Baba ya zane, kuma har yau ba ki ba ta haƙuri ba."

Shekara arba'in da wani abu, babu mahalukin da ya san wannan sai su biyu. Luba ta ja mayafi, ta tura jikoki maƙwabta, ta bi shi.

A hanya, duk inda daji ya matso kwalta, Mannir sai ya ƙara wuta, fasinjoji su sunkuyar da kai. Sun wuce shingen sojoji uku, sun wuce wata mota da ta ƙone a gefen hanya. Bayan azahar suka shiga Bilbis.

A wani shagon da ba a gama ginawa ba ta sami ƙanwarta, cikin mata kusan ashirin, ƙafarta a kumbure da saran kara. Uwa ta ɗago ta dube ta, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, sun kashe Haliru a bakin rumbu." Luba ta tsuguna ta kama ƙafar tana dubawa, don ba ta iya duban fuskar ba.

Washegari Mannir ya dawo da su Gusau. Ƙafar ta ɗauki wata biyu kafin ta taku. Uwa ta yi takaba a ɗakin yayarta, kuma ba ta koma ƙauye ba. Yanzu tana soya ƙosai a ƙofar gida da safe. Luba na nan tana dillancinta, sai dai takan yi wa baƙo tambayoyi da yawa kafin ta karɓi kaya, har wasu na cewa tsufa ya sa mata faɗa.