Tulun da Amos Ya Huda

A Malumfashi, in ka ce Amos mai gyaran rediyo, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Amos mai amo, ko kurma zai nuna maka rumfarsa. Mutumin Gozaki ne, gajere, mai saurin magana, hannunsa kullum da ƙunar dalma. Ya iya aiki, ban hana shi ba. Aibinsa ɗaya, yana son a ce ya iya, kuma a faɗa da ƙarfi.

Shi ne ɗan farin Inna Rahab. Saboda haka, kamar yadda aka saba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa, ba ta kuma yi masa faɗa a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce "mai gyaran nan". Ita kuwa duk Gozaki an san ta da abu guda, wato tulu. Ba na ruwa ba, na kiɗa. In matan zumunta suka tashi waƙa a coci, ita ke zama kan kujera 'yar tsugunno, ta rungume tulun tsakanin ƙafafunta, tana dukan bakinsa da gammon tsumma. Ya ce dum, ka ji har cikin hanjinka. Wata maginiya ce a Ƙarfi, Hansai, ta gina mata shi tun tana amarya. Hansai ta daɗe da rasuwa, kuma ba a sake samun mai hannunta ba.

A kakar 1984 auduga ta yi kyau. Amos ya sayar da tasa a Funtua, bai dawo da ko kwabo ba, sai kwali a ka. A ciki akwai wata 'yar amfilifaya mai araha, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda ba ta fi bulo girma ba, da ƙananan lasifiku biyu, da makirfo, da wata babbar lasifika mai faɗin faifai wadda masu sayarwa ke kira wufa, ita ce mai fitar da kaurin murya. Sai dai tsirara aka sayar masa da ita, babu akwati. Ya haɗa da batirin mota ya kunna kaset, ƙananan suna ta tsiwa, babbar kuwa sai rawar jiki take yi, babu amo.

Duk mai gyara ya san maganin wannan: a kifa ta a bakin tukunyar ƙasa. Ya gwada randa, ya gwada tukunyar tuwo, ya gwada tulun ruwa har uku. Babu wanda ya gamsar da kunnensa, domin kunnen nan da wani amo ya tashi tun yana goye.

A shekarar ne kuma aka ce babban taron zumuntar mata na yankin a Gozaki za a yi shi, karo na farko. Shekara da shekaru Inna Rahab na bin mata zuwa garuruwan wasu, ana sa ta a layin baya, domin 'yan gari ke jan kiɗa. Bana ita za ta ja. Ta ɗinka sabon zane, ta sake gammo, in tana tsince auduga ma baki na motsi. Mama Susana, shugabar zumuntar, ita ta aika wa Amos ya zo da na'urarsa don a ji wa'azi har bakin hanya.

Saura kwana biyu ya iso gida da hantsi, ya tarar kowa na gona. Ya shiga ɗakin uwarsa ya ga tulun a kuryar gado, an lulluɓe shi da tsohon zane. Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai. Cewa ya yi gwadawa kawai zai yi. Ya kifa wufar a baki, ya kunna, sai ga kajin gidan sun watse. Amon da yake nema ke nan. Matsala ɗaya, wayar tana hana bakin rufuwa ruf. Ya ɗauko ƙusa da guduma, ya ce ai 'yar huda ce a ƙasa, in an gama sabulu ma ya toshe ta. A bugu na uku ƙusa ta shige, wata siririyar tsaga kuma ta haura sama kamar tsawon ɗan yatsa. Ya gan ta, ya shafa mata ƙasa da yawu.

Da yamma Inna Rahab ta fito daga ɗaki, ta tsaya tsakar gida tana kallon rumbu, ta ce, "Ko wani ya ga tuluna?"

Amos ya ce, "Aro na yi, Inna. Kafin taro zai dawo."

Ta juya ta koma wajen murhu.

Ranar taro filin coci ya cika tun da safe. Amos ya rataye ƙananan lasifikun a reshen darbejiya, ya ɓoye tulun ƙarƙashin tebur, ya saki mayafi a kai. Da ya murɗa maɓalli, ƙasa ta ɗauki rawa. Dattawa suka zo suna leƙe, wani na cewa, "Kai, yaron nan Bature ne!" Har Malam Mudi mai shayi ya bar teburinsa ya tsallako hanya don ya ga abin da ke girgiza masa kofuna. Amos ya yi niyyar kwance tulun kafin a fara, amma kowane yabo sai ya ƙara masa minti biyar. Yana cikin bayanin waya ja da waya baƙa ya ji muryar Mama Susana a kansa.

"Amos, ina tulun uwarka? Mata sun jeru."

Ya durƙusa ya ɗage mayafin a gaban kowa. Ya kwance robar da ya ɗaure wufar da ita, ya zare waya. Sabulun da ya tanada yana aljihunsa, amma ta yaya zai fito da shi idanu ɗari na kallo? Haka ya kai tulun gaban uwarsa ya ajiye. Don neman gyara, har ya kafa makirfo a kusa da bakinsa.

Inna Rahab ta gyara zama cikin sabon zanenta. Ta ɗaga gammo ta buga.

Faf.

Ƙarar da tulun ya yi ke nan, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma, lasifikun kan darbejiya kuma suka kai ta har bakin hanya. Ta sake bugawa. Faf. Wata a cikin baƙi ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Mama Susana ta sunkuya, ta juya tulun, ta sa yatsa a hudar.

"Wane mara imanin ne ya yi wannan?"

Ba ta san makirfo na ɗauka ba. Amos na tsaye taku uku daga wurin, da waya a hannu. Kalma biyu ce kawai zai faɗa: ni ne. Ya buɗe baki, ya dubi dattawan da suka gama kiransa Bature, ya rufe.

Inna Rahab ba ta dube shi ba. Ta ce, "Ni na ba mai gyaran nan. Ni na ce ya huda."

Mama Susana ta ce, "Ke kuwa Rahab, da girmanki? Ana saura kwana biyu taro?"

Aka kira wata mata daga Ƙarfi ta zo da nata tulun ta ja kiɗa. Inna Rahab ta ɗauki kujerarta ta koma layin baya, a garinsu, tana tafi. Amos ya yini yana murɗa maɓallai, kowa na cewa na'ura ta yi, shi kuwa ji yake da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Abincin taro ma bai iya ci ba.

Bayan haka ya sayo tuluna sun fi goma, daga Ƙarfi, daga Mahuta, har daga Zariya. Kowanne sai ta karɓa ta ce an gode, ta zuba masa ruwa ko gero. Nata ta liƙe tsagar da kakin zuma, hudar kuwa duk abin da aka cusa sai bugu ya tofar da shi. Sai ta koyi toshe ta da diddige. Haka ta ci gaba da kiɗa kowace Lahadi, ƙafa ɗaya a karkace, amon ya dawo rabi. Matan zumunta suka riƙa yi mata tsiya, wai Rahab mai ba da tulu a huda, tana dariya tare da su. Taron bai sake zagayowa Gozaki ba tana da rai.

Amos ya yi suna. Ya ƙera wa wufar akwatin katako, ana ɗaukarsa biki da suna da taron manoma, Musulmi da Kirista. Amma in mata suka tashi waƙa da tulu, sai ya kashe babbar lasifikar gaba ɗaya, ko wa zai yi magana. In wani ya kawo masa tukunya ya ce a sa masa lasifika, sai ya ce, "Ta wace ce? Je ka tambayo ta tukuna." Mutane suka ɗauka wasa ne.

Sau da yawa ya shirya maganar a bisa babur daga Malumfashi, in ya iso ta tare shi da "An ci abinci kuwa?" sai maganar ta koma ciki. Shekara biyar ana haka. Sai a daminar 1989, tana kwance ba lafiya, ya zauna a bakin ƙofa da rana tsaka, ya ga diddigenta ya leƙo daga mayafi. Fatar wurin ta yi kanta, zagayayya, daidai faɗin hudar da ƙusarsa ta yi wa tulun.

Ya ce, "Inna, ranar taron nan. Na sa kin yi ƙarya a gaban coci, ni kuma na yi shiru. Ki yafe mini."

Ta kalli bango. Sannan ta ce, "Wace ƙarya? Ai da an tambaya, da na bayar."

Ta ja mayafi ta rufe ƙafar. Amos ya tashi ya zagaya bayan rumbu, inda ba mai ganinsa, ya yi kuka irin na yara.